Samanja Mazan Fama da Hausar Bariki



Mun taru yau ne domin mu waiwayi rayuwar Alhaji Usman Baba Pategi, wanda duk Arewa ta fi sani da Samanja Mazan Fama. Allah ya yi masa rasuwa a Kaduna ran 12 ga Nuwamba, 2023, yana da shekara 81. Abin da muke son tsokaci a kai shi ne harshen da ya yi wasa da shi, domin a nan gwanintarsa take, a nan kuma darasinmu yake.

Da farko dai, Usman Baba ba Bahaushe ba ne. Banufe ne, an haife shi a shekarar 1942 a gidan sarautar Pategi, a bakin kogin Kwara, cikin Jihar Kwara ta yanzu. Neman aiki ya kai shi Kaduna, inda ya shiga gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa, wanda aka buɗe a 1962. A zamanin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya sa kaki, ya zauna a bariki, ya ga yadda soja ke ci da sha da fushi da raha. Daga nan ya samo mutumin da ya riƙa kwaikwaya a rediyo da talabijin na Kaduna. Sunan Samanja kansa lanƙwasa sunan muƙamin saje-manja ne da bakin Bahaushe ya yi, wato babban hafsan da ke tsakanin kurata da manyan hafsoshi.

To, wace irin Hausa Samanja ke yi? Ita ce wadda masana ke kira Barikanci. Tun zamanin Turawa, Hausa ce harshen da ya haɗa sojojin ƙasar nan, Tibi da Angas da Bazabarme da Babarbare, kowa ya zo da lafazinsa. A irin wannan Hausa ana mai da mace namiji a nahawu, ƙa ta koma ka, a kuma cusa Turancin buroka a tsakiyar zance. Samanja ya ɗauki wannan harshe, ya haɗa shi da tsawa da zare ido, ya mai da shi abin da ke tara gida guda gaban akwati.

Kada mu ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Mu tuna soja ne ke mulkin Nijeriya daga 1966 zuwa 1979, suka kuma dawo a ƙarshen 1983. A irin wannan lokaci talaka in ya hango kaki sai ya sake hanya. Amma ga shi a wasan Samanja yana ganin soja na kuskure, yana fama da iyali da abokan zama kamar kowa, har a yi masa dariya ba a daki kowa ba. Sojan ma ya ga kansa a madubi. Wannan kuwa tsohuwar al'adarmu ce. A wasan gauta matan fada kan kwaikwayi sarki da hakimansa a gabansu, su faɗi da raha abin da ba ya faɗuwa a zaman fada. Haka yara ke yi wa manya a tashe cikin watan azumi. Samanja ya ɗauki wannan aiki ne ya kai shi bariki.

Ina ruwanmu da wannan, mu da ke nan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo? Ruwanmu babba ne. Kullum muna ratsa Kwalkwalawa, muna jin masunta da manoman fadama suna cewa mi a maimakon me, da hwari a maimakon fari. Sau nawa ɗalibi ya murmusa don raini, alhali Sakkwatanci ya riga daidaitacciyar Hausar littafi shiga rubutu, tun da da shi malaman jihadi suka tsara waƙoƙinsu na ajami? Dariyar Samanja daban take da wannan. Shi ya zauna da mutanen da yake kwaikwaya, ya ci abin da suka ci, ya sa abin da suka sa. Don haka dariyarsa ba ta tozarta su ba.

Ku kuma 'yan'uwa sababbin ma'aikata, tebur da hatimi ma wani kaki ne. Gobe tsoho zai shigo ofishinku da takarda a hannu, ya yi muku magana da Hausar ƙauyensu ko da Hausar da ya koya da girma. Ku saurari buƙatarsa kafin lafazinsa.

Muna kira ga ƙungiyar Hausa da ta masu wasan kwaikwayo na wannan jami'a su nemi faya-fayen Samanja da na su marigayi Ƙasimu Yero, su nazarce su, su kuma ɗora harshen mutanenmu a kan dandamali cikin mutunci.

Allah ya jiƙan Samanja da rahama.