Zumuncin Halittun Teku: Daga Ƙarshen Kudu Zuwa Goronyo



Duk wanda ya san kasuwar Mai'adua ya san iyakar Kwangwalam ta raba Nijeriya da Nijar, amma ba ta raba dangi ba. To, halittun teku ma haka suke: iyaka takan ratsa tsakaninsu, zumunci kuwa ya wanzu a jikinsu.

Mu fara da ƙarshen kudancin duniya. Fiye da shekara miliyan 30 da suka wuce, ƙasar Antatika ta rabu da Kudancin Amurka, ruwa mai tsananin sanyi ya kewaye ta. Kifayen da suka saura a can sun samu wani sinadari a jininsu wanda ke hana shi daskarewa, kamar yadda Arthur DeVries ya bayyana a 1969. Wani ɗan'uwansu da ke gaɓar Fatagoniya ba shi da wannan sinadari, alhali kuwa ƙirar jikinsu da ƙwayoyin gadonsu sun nuna kakansu ɗaya ne.

Kada ku ce wannan labarin nesa ne. Kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce, teku ya kwanta a ƙasar Sakkwato da Tawa, ya bi ta Mali ya haɗu da babban tekun arewa. Shaidarsa tana cikin duwatsun Dukamaje da Wurno. A nan aka tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren ruwa, wanda Swinton ya fara bayyanawa a 1930, sa'an nan masanan Italiya suka raɗa masa suna Goronyosaurus a 1972, watau don garin Goronyo. Danginsa kuwa an same su har a Turai da Amurka. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita, yawancinta ɓawon halittun teku ne na zamanin da ya biyo baya.

Masu binciken tekun kudu suna da rayayyun kifaye da za su kwatanta. Mu namu tekun ya ƙafe, dutse kaɗai ya rage. Saboda haka kowane ƙashi da aka farfasa wajen haƙar dutse ko gina hanya, wata shaida ce ta ɓace har abada. Roƙona ga ma'aikata shi ne, in an tono irin wannan, a rubuta wurin da aka same shi, a kai wa sashen nazarin duwatsu na jami'a. Ku kuma ɗalibai, aikin karanta duwatsun nan naku ne.