Ɗalibin Jami'a da Kafafen Sada Zumunta: Ina Natsuwar Zuciya Take?

Abin da za mu yi magana a kansa shi ne halin da kafafen sada zumunta suke jefa zukatan ɗaliban jami'a a ciki.

Ya kamata mu sani cewa a jami'a aka haifi Facebook. A shekarar 2004 Mark Zuckerberg ya kafa shi a Jami'ar Harvard ta Amurka, sannan aka riƙa buɗe shi ga sauran jami'o'i ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ba masu bincike damar gwada ɗaliban da ya riga ya riska da waɗanda bai kai gare su ba. Sakamakon da suka fitar a 2022 ya nuna cewa shigarsa jami'a ta zo tare da ƙaruwar ciwon damuwa da fargaba. Babban sababin da suka gano shi ne auna kai da wasu. Ɗalibi yakan ga hotunan abokansa a wajen walima cikin sababbin tufafi, ya manta cewa babu mai ɗora hoton ranar da ya faɗi jarrabawa ko ya kwana da yunwa. Daga nan sai ya raina abin da ke hannunsa, ƙunci ya biyo baya.

To, akwai mafita? A 2018 an fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi da ɗalibai 143 a Jami'ar Pennsylvania. Aka taƙaita wa wasunsu Facebook da Instagram da Snapchat, minti 10 kowanne a rana, har tsawon mako uku. Kaɗaici da damuwa suka ragu a wurinsu fiye da waɗanda aka bari yadda suka saba.

Saboda haka ba mu ce a jefar da waya ba, domin da ita ɗalibi yake samun darasi, yake gaida iyayensa. Abin da muke kira gare shi shi ne tsakaitawa. Mu yanke wa kanmu lokaci, mu nisanta waya daga shimfiɗar barci, mu ziyarci juna ido da ido. Wanda kuma ƙunci ya daɗe yana damunsa, har barci da karatu suka gagare shi, mu raka shi wajen likita, kada mu tsangwame shi.

Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani da zuciya mai natsuwa.