Ciwon Suga a Jikin Yara da Tukunyar Gidanmu

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai a Birnin Kebbi

 

Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba ni wannan dama. Kamar yadda kuka sani, aikin gwamnati nake yi, kuma ban karanci likitanci ba. Abin da ya tsayar da ni a gabanku shi ne Allah ya jarrabi gidana da 'ya mai ciwon suga tun tana ƙarama, wanda ya tilasta mini zama gaban likitoci da karatun abin da ya shafi cutar. Saboda haka duk abin da zan faɗa tunatarwa ce ta ɗan'uwa, hukunci kuwa yana hannun likitan da ke duba yaro.

Wane irin ciwo ne?

Yawancinmu idan aka ce ciwon suga, hankalinmu kan tafi ga dattijo mai ƙiba wanda aka hana shan shayi da suga. Wannan shi ne nau'i na biyu, kuma shi ya fi yawa. Wanda ya fi kama yara shi ne nau'i na farko, kuma asalinsa dabam ne. A bayan tumbi akwai wata gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas, ita ke samar da sinadarin insulin. Aikin insulin shi ne buɗe wa suga ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka da sauran sassan jiki, inda zai zama ƙarfi. A nau'i na farko, garkuwar jiki, wato sojojin da Allah ya halitta don yaƙar ƙwayoyin cuta, su ne ke juyowa su afka wa ƙwayoyin da ke yin insulin har su ƙare. Daga nan sai suga ya taru a jini, jiki kuwa yana fama da yunwa.

Wannan bayani yana da muhimmanci ga zaman lafiyar gida. Shan alawa ba ya kawo wannan nau'i, sakacin uwa ba ya kawo shi, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Gidaje da dama sun shiga rikici saboda an ɗora wa uwa laifi, ko an zargi kishiya da sammu, alhali kuwa lamarin yana cikin jikin yaron ne.

Har wa yau, garkuwar da ta kuskure hanya sau ɗaya tana iya sake kuskurewa. Shi ya sa likitoci kan binciki irin waɗannan yara lokaci-lokaci don ganin ko ta taɓa gaɓar maƙogwaro, wadda idan ta kumbura muke kira maƙoƙo, ko kuwa hanjinsu ya daina jure wa alkama. Idan gwaji bai nuna haka ba, babu dalilin hana yaro burodi ko taliya gaba ɗaya.

Alamomin da ya kamata kowa ya sani

Alamomi huɗu ne manya: ƙishirwa marar yankewa, yawan fitsari, ramewa duk da cin abinci, da kasala. Yaron da ya daɗe da daina fitsarin kwance sai a ga ya koma yi. Wani lokaci akan ga kiyashi sun taru inda ya yi fitsari. Idan aka yi jinkiri, jiki zai koma ƙona kitse, wani tsami ya taru a jini, yaro ya fara amai da ciwon ciki da numfashi mai zurfi, daga nan sai suma. A ƙasarmu, inda kusan kowane rashin lafiya muke fara zargin zazzaɓin cizon sauro ko taifot, yaro na iya shan maganin da ba nasa ba har lokaci ya ƙure. Awon suga kuwa ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa, kuma ba ya cin minti ɗaya. Duk wanda ya ga waɗannan alamomi ya nemi a auna yaron a ranar, ko a Babban Asibitin Argungu, ko a Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a nan Birnin Kebbi, ko a asibiti mafi kusa.

Darasi daga tarihi

A 'yan shekarun nan ana ta yaɗa wa iyaye cewa idan aka raba yaro da duk wani abinci mai sitaci, zai warke ya bar allura. An gwada wannan hanya fiye da shekara 100 da suka wuce. Kafin 1922 babu insulin, don haka wani likita a Amurka mai suna Frederick Allen ya riƙa tsare marasa lafiya a kan ɗan abinci kaɗan ƙwarai. Hanyar takan ƙara musu watanni ko 'yan shekaru, amma wasu yunwar ce ma ta kashe su. Cikin waɗanda ya duba akwai Elizabeth Hughes, 'yar sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, wadda a 1922, tana gab da cika shekara 15, nauyinta bai wuce kilo 20 da 'yan kai ba.

A 1921 Frederick Banting da Charles Best suka fara aikin da ya kai ga samo insulin a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada. A watan Janairun 1922 aka yi wa wani yaro mai suna Leonard Thompson allurar farko. A watan Agusta na shekarar aka fara yi wa Elizabeth, ta murmure, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya uku, ta rayu har 1981. Ranar haihuwar Banting, 14 ga Nuwamba, ita ce aka keɓe a matsayin ranar ciwon suga ta duniya.

Abin lura shi ne, 'yar babban mutum mai dukiya ma tsarin abinci kaɗai bai isar mata ba. Yaro mai nau'i na farko yana buƙatar insulin kullum. Shuwaka, darbejiya, zogale da sauran saiwoyi ba sa maye gurbinsa. Addu'a muna yi, kuma neman magani yana cikin abin da addini ya hore mu da shi.

To, ina matsayin abinci?

Matsayinsa babba ne, domin abinci da insulin kamar ma'auni ne mai kwano biyu. Yawan sitacin da yaro ya ci shi ke nuna yawan insulin da zai buƙata, kuma idan sitacin ya yi yawa lokaci guda, daidaita suga kan yi wuya.

Mu mutanen Kabi shinkafa ce alfaharinmu. Fadamar gulbin Rima ta ciyar da kakanninmu, a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a watan Nuwamban 2015, kuma a 2017 aka buɗe babban kamfanin casar shinkafa a Argungu. Amma mu dubi cimarmu ta yini guda: da safe koko da suga ko masa, da rana shinkafa dafa-duka, da la'asar fura, da dare tuwon shinkafa. Duka huɗun sitaci ne. A cikin giram 100 na dafaffiyar farar shinkafa akwai kusan giram 28 na sitaci, kuma cikin ɗan lokaci yake komawa suga a jini. Kwalbar lemo ta rabin lita kuwa tana iya ɗaukar suga fiye da cokalin shayi 10.

Sai dai Allah ya ba mu maganin matsalar a wuri ɗaya. Gulbin da ke ba mu shinkafa shi ke ba mu kifi, har duniya ta san Argungu da bikin kamun kifi da aka faro a 1934. Kifi, ƙwai da nama kusan babu sitaci a cikinsu. Muna da wake da gyaɗa, da nono da kindirmo, da zogale, rama, yakuwa, alayyafo, kuɓewa da kuka, ga albasar Aliero. Ga tsarin da na ga yana aiki, wanda ba ya buƙatar sayen komai daga waje:

Na ɗaya, a raba kwano gida huɗu. Kashi biyu ganye da miya, kashi ɗaya kifi ko ƙwai ko nama ko wake, kashi ɗaya tuwo ko shinkafa. Wato malmala ta ragu, miya ta ƙaru.

Na biyu, a riƙa auna sitaci da ludayi ko kofi guda wanda ba a canzawa, domin likita ya iya daidaita allura da shi. Cin abinci a kan lokaci yana da muhimmanci musamman ga yaron da ake yi wa allura sau biyu a rana.

Na uku, a gauraya shinkafa da wake, a fifita gero da dawa da ba a surfe su sosai ba. Da safe alala ko ƙosai ko ƙwai sun fi koko mai suga. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli abin marmari ne mai kyau.

Na huɗu, a kawar da lemon kwalba da zoɓo da kunun da aka zuba wa suga daga cimar yau da kullum. Fura a dama ta da nono mai yawa, fura kaɗan, ba suga. Zuma da dabino abinci ne masu albarka, amma suna ɗaga suga, don haka sai a lissafa su.

Na biyar, kada a kai ga hana sitaci gaba ɗaya. Yaro yana girma, yana buƙatar ƙarfi. A 2023 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta yi gargaɗi a kan tsananta rage sitaci ga yara masu wannan ciwo, saboda tsoron tauye girma da lafiyar ƙashi da kuma ɓata dangantakar yaro da abinci. Kuma duk ragin da za a yi, sai an sanar da likita, domin idan abinci ya ragu allura ba ta ragu ba, suga zai faɗi.

Me ya sa gida duka?

A al'adarmu yara a kwano ɗaya suke ci. Idan aka ware wa yaro ɗaya ɗan kwanonsa a gefe, 'yan'uwansa na shan lemo a gabansa, zai ji kamar horo ake yi masa, kuma zai nemi abin a ɓoye a maƙwabta ko a makaranta. Idan kuwa tukunya ɗaya ce, babu wanda aka ware. Riba ta biyu ta iyaye ce: mu da muke yini a kan kujerar ofis, mu ne nau'i na biyu ke hari, kuma wannan tsari rigakafi ne gare mu. A nan ina kira ga iyaye maza. Kada a bar wa uwa nauyin ita kaɗai, domin mai cefane shi ke yanke abin da zai shiga tukunya. A kuma zauna da kakanni a yi musu bayani cikin ladabi, saboda alawar da kaka ke miƙa wa jika a ɓoye ƙauna ce ta sa.

Abubuwan gaggawa

Abin da ake nema shi ne suga ya zauna tsakanin 70 da 180 a na'urar awo mafi yawan yini. Idan ya sauka ƙasa da 70, yaro zai yi rawar jiki, gumi, yunwa ko ruɗewa. A nan suga shi ne magani: a ba shi kamar cokalin shayi 3 a ruwa, ƙaramin yaro ƙasa da haka, a sake aunawa bayan minti 15. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti. Ranar da yake zazzaɓi ko ya ƙi cin abinci, kada a dakatar da insulin, a yawaita awo a tuntuɓi likita.

Ajiyar insulin ma abin kula ce, ganin yadda zafin Afrilu kan haura digiri 40 a nan, ga rashin tabbas na wutar lantarki. Wanda ba a buɗe ba a firji ake ajiye shi, ban da wurin ƙanƙara, domin idan ya daskare ya lalace. Wanda ake amfani da shi yakan yi kimanin mako 4 idan an kāre shi daga rana da zafi. Inda babu firji, tukwane biyu na ƙasa, ƙarama cikin babba da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, irin dabarar da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa, suna sanyaya shi, muddin ruwa bai taɓa kwalbar ba.

Game da azumi, likitoci suna sanya masu nau'i na farko cikin waɗanda azumi ke da haɗari gare su, kuma shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame. Matashin da ya nace sai ya yi, a haɗa shi da likita da malami kafin watan ya kama.

Shawarwari ga ƙungiya

Shugaba, ina roƙon wannan taro ya duba abubuwa uku. Na farko, mu saya wa ɗakin shan magani na makarantarmu na'urar awon suga da kayan aikinta, mu riƙa sabunta su kowane zango. Na biyu, mu roƙi 'yan'uwanmu likitoci da ma'aikatan jinya da ke cikin ƙungiya su ware yini guda su koya wa malaman ɗakunan kwana da masu dafa abinci waɗannan alamomi, domin ɗalibin da ke yawan neman izinin fita fitsari wataƙila awo yake buƙata, bulala ba za ta gyara shi ba. Na uku, mu keɓe wani kaso daga asusun taimakon juna don iyalan da ke sayen insulin. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashinsa ya tashi ƙwarai, kuma uban da ya fara rage wa ɗansa allura don kwalba ta kai ƙarshen wata yana jefa shi cikin haɗarin da na bayyana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ina fata kafin mu watse a kafa ƙaramin kwamiti da zai kawo rahoto a taro mai zuwa. Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya mayar da kowa gida lafiya.