Fita Daga Gandu: Nijar, ECOWAS da Mu Mazauna Bakin Iyaka

Jawabin da aka gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiya



Da aka nemi mu yi magana a kan ficewar Jamhuriyar Nijar daga ƙungiyar ECOWAS, wadda 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka suka fi sani da CEDEAO, sai da muka yi jim. Dalili kuwa shi ne, magana ce da ta raba kan jama'armu a majalisun hira da tashoshin mota da rumfunan kasuwa. Wasu na ganin Nijar ta yi abin da duk ɗan halas zai yi idan aka ci masa mutunci, wasu kuwa na ganin zafin zuciya ne ya ja ta. Za mu faɗi abin da muka hango, bisa sanin cewa da wuya a sami mutum ɗaya a cikin wannan zaure wanda ba shi da kawu ko gwaggo ko suruki ko abokin ciniki a hayin iyaka.

Duk wanda ya tashi a karkara ya san gandu. Uba da 'ya'yansa, ko wa da ƙannensa, su nome gona ɗaya, su zuba a rumbu ɗaya, maigida ya biya wa kowa haraji, ya yi wa samari aure, sannan kowa a yanka masa gayaunarsa. Ranar da wani ya ce zai fita, dattawa ba su cika ɓata lokaci wajen neman mai gaskiya ba, domin sun san wanda zai fita ba ya rasa hujja. Abin da sukan tambaya shi ne: rijiyar gidan wa zai sha? Ta wace ƙofa zai riƙa fitar da shanunsa? Bashin da aka ci tare wa zai biya? Da irin waɗannan tambayoyi muke son mu dubi al'amarin.

An kafa ECOWAS a Legas ranar 28 ga Mayu, 1975, da ƙasashe 15, bayan ɗawainiyar da Janar Yakubu Gowon da Janar Eyadema na Togo suka sha. Yana da kyau mu tuna cewa wanda ya shigar da Nijar cikinta, wato Seyni Kountche, shi ma soja ne da ya hau mulki ta hanyar juyin mulki a 1974. A wancan lokaci babu ruwan ƙungiyar da yadda mutum ya hau kujera, kasuwanci aka sa a gaba. A 1979 aka amince da yarjejeniyar zirga-zirga, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa damar shiga wata ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Sai a 2001 aka zo da ƙa'idar cewa ba za a lamunci karɓar mulki ta hanyar da ta saɓa wa tsarin mulki ba. Wato gandun da aka kafa domin noma, daga baya ya zama har da ikon ladabtarwa, kuma a nan ne tushen rigimar yake.

Mu kuwa zumuncinmu ya girmi ECOWAS nesa ba kusa ba. Katsinawan da suka bar Birnin Katsina bayan jihadi su suka kafa Maraɗi, shi ya sa har yau ake kiran sarkinta Sarkin Katsina. Gobirawa suna Tsibiri, suna kuma Sabon Birni. Iyakar da ta raba mu, mai tsawon kimanin kilomita 1,500, Ingila da Faransa ne suka shata ta a kan takarda, sannan ma'aikatansu suka bi daji suna kafa alamu tsakanin 1906 da 1908. Jihohi bakwai na Nijeriya suka jingina da ita: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. Kasuwannin Illela da Jibiya da Mai'aduwa da Maigatari ba za su ci ba in babu dabbobi da wake da albasar Nijar, haka kuma Ƙonni da Maraɗi da Damagaram sun dogara da hatsi da kayan masarufin da ke fitowa daga nan.

Kowa ya san abin da ya biyo bayan 26 ga Yuli, 2023, ranar da sojoji ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tchiani suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum. Kwana huɗu bayan nan shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja, suka rufe iyakoki, suka dakatar da ciniki da hada-hadar kuɗi, suka ba da wa'adin mako guda tare da barazanar amfani da ƙarfin soja. Nijeriya ta katse wutar lantarki, alhali kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da Nijar ke sha a lokacin daga nan take zuwa. Mun ga manyan motoci jere a bakin iyaka, kayan gwari na ruɓewa a cikinsu. Majalisar Dattawan Nijeriya ta ƙi goyon bayan yaƙi, kuma Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi da tawagar malamai suka yi ta kai-kawo zuwa Yamai, har ƙura ta lafa. Amma zuciya ta riga ta ɓaci. Ranar 16 ga Satumba, 2023, Nijar da Mali da Burkina Faso suka ƙulla ƙawancen da ake kira AES, ranar 28 ga Janairu, 2024 suka ba da sanarwar ficewa. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu, 2024, ba su waiwayo ba. Da wa'adin shekara guda da sashe na 91 na yarjejeniyar ƙungiyar ya tanada ya cika, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu, 2025.

To, jama'a, masu goyon bayan fita suna da hujja, kuma bai kamata mu raina ta ba. Suna cewa an hukunta talaka ne saboda laifin da bai aikata ba. Janar-janar ba su kwana cikin duhu ba, mai jego a asibitin karkara da mai sayar da ƙanƙara su suka ɗanɗana kuɗarsu. Suna tambaya: ƙungiyar da ta iya shirya runduna cikin mako biyu domin mayar da mutum ɗaya kan kujera, ina take shekara da shekaru ana kashe mutane a Tillaberi da Diffa? Suna kuma nuna cewa a 2020 Alpha Conde na Gini da Alassane Ouattara na Kwaddibuwa sun zarce wa'adi na uku, ba a rufe wa kowa iyaka ba. Ga maganar kuɗin bai ɗaya, wanda aka yi ta sa wa rana ana ɗagawa tun farkon shekarun 2000. A ganinmu, katse wuta da barazanar yaƙi kuskure ne babba, kuma mu da muke bakin iyaka mun fi kowa sanin a kan gonakin wa za a yi wannan yaƙi da an yi shi.

Sai dai adalci ya sa mu ƙara da cewa a 2009, lokacin da Shugaba Mamadou Tandja ya nemi tazarce, ECOWAS ta dakatar da Nijar, kuma 'yan Nijar da yawa sun yaba mata a lokacin. Saboda haka ba kullum ne ta kau da kai ba.

Yanzu bari mu koma ga tambayoyin dattawa. Ta wace ƙofa za a fitar da shanu? Nijar ba ta da gaɓar teku, haka ma Mali da Burkina Faso. Ƙasashe uku marasa teku sun haɗa kai, amma haɗuwar tasu ba ta haifar da tashar jiragen ruwa ko ɗaya ba. Kayan Nijar ta Kwatano suka saba biyowa, su haye gadar Gaya. Da dangantaka ta yi tsami da Binin, sai aka koma ɗauko su daga Lome a ratsa Burkina Faso da rakiyar sojoji, hanya mai nisa da tsada da haɗari, kuma mai saye a kasuwa shi ke biyan bambancin. Bututun man da ya taso daga Agadem, mai tsawon kusan kilomita 2,000, a gaɓar tekun Binin yake ƙarewa. Bugu da ƙari, ƙasashen uku sun fita daga ECOWAS amma sun ci gaba da kashe sefa, kuɗin da masu goyon bayan fita suka fi kowa kuka da shi. Ashe su kansu shugabannin sun san akwai rijiyar da ba a barin ta cikin fushi.

Mali ta taɓa gwada wannan. A 1962 Shugaba Modibo Keita ya fitar da ita daga sefa, ya buga kuɗin ƙasa, domin cikar 'yanci. A 1967 aka karya darajar kuɗin da rabi, a 1984 kuma Mali ta dawo cikin sefa. Muritaniya ta bar ECOWAS a 2000, sai ga shi a 2017 ta dawo ta ƙulla yarjejeniyar hulɗa da ita saboda ciniki. Ba muna cewa dole haka za ta faru da Nijar ba ne, zamani ya canza, amma wanda zai yi tafiya ya kyautu ya tambayi waɗanda suka riga shi bin hanyar.

Misalin da ya fi tsaya mana a rai shi ne na Birtaniya. Ranar 23 ga Yuni, 2016 aka yi ƙuri'ar raba gardama, kashi 52 cikin ɗari suka zaɓi fita daga Tarayyar Turai, kashi 48 suka zaɓi zama. Ba a fita ba sai ranar 31 ga Janairu, 2020, kuma abin da ya fi ba su wahala a duk tsawon cinikin shi ne iyakar tsibirin Ayilan, inda mutane iri ɗaya suke zaune hagu da dama, kamar dai mu. Mutanen Ayilan ta Arewa mafi yawansu zama suka zaɓa, aka rinjaye su daga nesa. Duk da haka an tambaye su, an yi wata da watanni ana muhawara a fili, wanda ya ga dama ya soki gwamnati ya koma gida ya kwana lafiya. A Nijar sanarwa aka karanta a talabijin. Gaskiya ne dubban mutane sun fito tituna a Yamai suna murna, ba ma musun wannan, amma taron gangami daban, ƙuri'a daban. Ba a tambayi mai awon hatsi na Maraɗi ba, ba a tambayi makiyayin da ke gangarowa kudu da rani ba. Mu ma a nan babu wanda ya tambaye mu kafin a rufe iyaka a 2023. Ta ɓangarorin biyu, an yanke hukunci a manyan birane, mu aka bar wa ɗaukar kaya.

Wani zai ce, to ai ga shi an fita kuma ba abin da ya faru, ana shiga ana fita kamar da. Haka ne, kuma mun gode wa Allah. A Disamba 2024 ƙasashen AES suka ce 'yan ECOWAS za su ci gaba da shiga ƙasashensu ba biza. Ita ma ECOWAS, a ranar da ficewar ta tabbata, ta umarci mambobinta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku, su bar kayansu su wuce bisa tsohon tsari, har sai an ba da wata sanarwa. A kan wannan "har sai" muke son mu ja hankalin jama'a. Abin da a da yake haƙƙi rubutacce, wanda mutum zai iya tsayawa a kansa har gaban kotun ƙungiyar da ke Abuja, ya koma alfarma, kuma mai alfarma yana iya janye ta ranar da ransa ya ɓaci. Ɗan Nijar mai shago a Kano ko mai sayar da shayi a Legas, da ɗan Nijeriya mai karatu ko sana'a a Maraɗi, yanzu a kan wannan alfarma suke zaune.

Kada kuma mu yaudari kanmu cewa takardar ECOWAS ta taɓa zama katanga mai hana komai. Muna cikin ƙungiyar aka kori baƙi daga Nijeriya a 1983. Muna ciki aka rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, a daidai lokacin fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan shekara suna El-Buhari. Muna ciki aka sake rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Wanda ya tuna waɗannan zai fahimci abin da ya sa ɗan Nijar ba ya zubar da hawaye a kan ECOWAS. Amma a duk waɗannan lokuta akwai alkawarin da ake nuna wa gwamnati a ce ta saɓa, akwai teburin da ake zama a tuna mata. Katanga mai ɓaraka ta fi fili.

Abin da ya rage mana, kuma mutane kaɗan ne ke ambatonsa, shi ne Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971, shekara huɗu kafin ECOWAS, mai hedikwata a Yamai. Ficewar Nijar ba ta shafe ta ba, domin tsakanin ƙasashen biyu kaɗai take. Ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda amfaninsa ya dogara ga yadda kaya za su riƙa ƙetare iyaka. Shawararmu ga shugabannin wannan ƙungiya ita ce su haɗa kai da takwarorinsu na sauran garuruwan iyaka, su rubuta wa 'yan majalisarmu na tarayya da masarautunmu takarda ɗaya, a nemi gwamnatocin biyu su sa hannu, ta hannun waccan hukuma, a kan yarjejeniyar da za ta fayyace abu uku: shiga da zama ba biza, wucewar dabbobi da hatsi a ranakun kasuwa, da kuma alkawarin cewa ko da gwamnatoci sun saɓa, ba za a sake katse wuta ko a tare abinci da magani ba. Idan shugaban taro ya amince, muna roƙon a sa wannan cikin abubuwan da za a tattauna a zaman yamma, a kuma naɗa waɗanda za su tsara takardar kafin a watse.