Kumburin Gwiwa: Saƙon da Iyayenmu Ke Aiko Mana



Da yawanmu mun sha samun saƙo daga gida cewa gwiwar Inna ko ta Baba ta sake kumbura. Sai mu aika da kuɗin magani, mu ɗauka mun sauke nauyi. A yau muna so mu tsaya a kan wannan kumburi, domin shi ne ke bayyana dalilin da ya sa ciwon kan lafa, ya kuma dawo.

Amosanin gwiwa yakan faru ne idan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ya fara zaizayewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 365 ne ke fama da shi. Sai dai guringuntsi ba shi da jijiyoyin jin zafi. Akasarin raɗaɗin yana fitowa ne daga ƙashin da ke ƙarƙashinsa da kuma tantanin da ya lulluɓe gaɓar. Idan tantanin ya kumbura, sai ya tara ruwa, gwiwa ta cika, ta yi nauyi, durƙuso ya gagara, tsokar cinya kuma ta raunana. Binciken da aka yi da na'urar MRI ya nuna cewa ciwo yakan ƙaru idan kumburin ya ƙaru. Shi ya sa za a ga dattijon da hoton ƙashinsa bai nuna wata babbar illa ba, amma ba ya iya barci.

To, ina mafita? Idan gwiwa ta kumbura, a rage mata aiki na 'yan kwanaki, a ɗora ƙanƙara a cikin tawul. Idan ta saɓe, a koma tafiya da motsa cinya, a rage ƙiba. A guji tsaga, a kuma guji daɗewa ana shan diclofenac ba da shawarar likita ba, domin yakan lahanta ƙoda da ciki. Amma idan gwiwa ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi rau, ga zazzaɓi, to a garzaya asibiti a ranar, domin mai yiwuwa ƙwayoyin cuta ne suka shiga gaɓar.

Saboda haka, idan mun kira gida, mu tambaya: yaushe ta kumbura, kuma akwai zazzaɓi?