Jawabin ɗalibban aikin jinya masu fita zuwa ga ƙannensu masu shiga

Shirinmu na yaƙi da jahilci na yau ya shafi kiwon lafiya. Ni ɗaya ce daga cikin ɗalibban aikin jinya da sunka ƙare karatu bana. Mun zauna mun yi shawara, abokan karatuna sunka aza mini nauyin in gaya ma ƙannenmu masu shiga lakkwal abin da munka gani. Uwaye ma su kasa kunne, akwai rabonsu a ciki.

Ƙannena, da yawa cikinmu farar riga ce ta jawo mu. Amma ranar farko da anka kai mu gidan likita aikin koyo, wanda ake ce ma sitaj, ba allura anka ba mu ba. Tasa da sabulu anka miƙo, anka ce mu wanke wani tsoho da ya ɓata shimfiɗarsa. Wanda ya ji ƙyama, to, ya sani wannan shi ne rabin aikin.

Ku riƙe lissafi da kyau. Maganin yaro da nauyinsa ake auna shi, kilo da kilo. Wata rana ina tsaron dare, barci ya cika mini ido, anka kawo wani yaro da masassara. Na yi ƙyuyar ɗora shi bisa sikeli, na dube shi na rubuta kilo 14. Majo ya zo, ya ce in sake awo a gabansa. Kilo 8 ne. Da na yi allurar nan, da na ba shi kusan ninki biyu na abin da jikinsa ke ɗauka. Majo bai zage ni ba, sai ya ce in je in dubi fuskar uwar. Har yau ban manta da ita ba. Abin da ba ku auna ba, kada ku rubuta shi cikin karne.

Darasi da Faransanci ake ba da shi, amma mai ciwo da Hausa zai yi muku kuka, ko da Zabarmanci, ko Fillanci, ko Tamashek, ko Barbarci. Ku koyi sunan cuta yadda mutane ke kiranta: dusa, sanƙarau, tamowa, zawo. In za ku koya ma uwa haɗa ruwan zawo, kada ku tsaya ga faɗin litir guda. Ku ɗauko butali ku gwada mata, ku zuba sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin cokali, sa'an nan ita ma ta haɗa a gabanku. Kuma in ta kawo yaro a makare, kafin ku ɗaga murya ku tambaye ta daga wane gari ta taso, da ƙafa ko bisa amalanke. Matar da anka yi ma tsawa gaban jama'a ba ta komowa, kuma za ta hana maƙwabtanta zuwa.

Kada kowa ya sa rai Yamai ko Damagaram za a bar shi. Mafi yawanmu karkara za mu, inda wani lokaci kai ne majo, kai ne ungozoma, kai ne mai tsaron firijo. Allurar rigakafi tana son sanyin digiri 2 zuwa 8, a duba safe da marece. Kowane lokacin shekara da cutarsa. Da rani sanƙarau ne, wanda ya yi ɓarna mai yawa a ƙasar nan a 1995, ya sake tashi a Yamai a 2015. Da damina masassarar cizon sauro ce. Kafin kaka, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sai tamowa, kamar yadda jihar Maraɗi ta gani a 2005. Ku iya aiki da zaren awon damtse: in ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, yaron nan ba na sallama ba ne.

Sirrin mai ciwo kuwa ya tsaya a ɗakin awo. A ƙaramin gari, kalma ɗaya da kunka saki a bakin rijiya tana iya kashe aure.

Ku uwaye, ɗiyar da ta shiga karatun nan a bar ta ta kai ƙarshe. Mun ga wadda anka cire a shekara ta biyu don aure, alhali garinsu ba su da ungozoma. In kun ga ta kwana waje ranar tsaro, bakin gadon marasa lafiya ta kwana.

Ƙannena, kafin ranar shiga kowa ya nemi ƙaramin kundi na aljihu, da agogo mai nuna daƙiƙa. Da shi za ku ƙirga numfashin yaro mai tari: daga wata 2 zuwa shekara guda, in ya kai 50 cikin minti ɗaya, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ciwon ya sauka ga huhu, a kira majo nan take. Allah shi ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa, wassalamu alaikum.