Sallamar Mai Asusu a Linux: Amanar da Ke Wuyan Mai Kula da Na'ura

 

Duk mai koyon Linux, abin da ake fara nuna masa shi ne yadda ake buɗe wa mutum asusu. Yadda ake sallamarsa idan ya kammala karatu ko ya bar aiki kuwa, ba a cika zama a kai ba, alhali a nan ɓarna ta fi aukuwa.

Tun daga Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka faro a Bell Labs a 1969, har zuwa Linux da Linus Torvalds ya fito da shi a 1991, an gina tsarin ne domin jama'a da yawa su yi aiki a kan na'ura ɗaya. Kowa na da layinsa a /etc/passwd, kalmar sirrinsa na killace a /etc/shadow, ɗakin ajiyarsa kuma yana ƙarƙashin /home. Sai dai ku riƙe wannan da kyau: na'ura ba ta san suna ba, lamba ta sani. Lambar root, wato asusun mai kula da na'ura, sifili ce, ta sauran jama'a kuwa yawanci daga 1000 take farawa.

A ce Bala ya bar aiki. Idan ka rubuta userdel bala, sunansa kawai ka goge daga rajista, ɗakinsa na nan da kayansa. Idan ka rubuta userdel -r bala, ɗakin da akwatin wasiƙunsa duk sun tafi. A Debian da Ubuntu, deluser --remove-home ma yana share ɗakin. Hausawa na cewa magana zarar bunu ce, to haka umarni yake. A nan babu kwandon shara da za ka koma ka tsinto abin da ka zubar.

Ga kuma tarkon da ba a cika lura da shi ba. Lambar Bala 1005 ce, kuma ita ce ta ƙarshe da aka bayar. Ya bar wasu takardu a wata folda da ba ta cikin ɗakinsa, don haka sharar ba ta kai gare su ba. Ka duba da ls -l, za ka ga 1005 tsirara a gurbin sunan mai su. Gobe ka buɗe wa Ladi asusu, na'ura ta miƙa mata 1005. Shi ke nan, takardun Bala sun zama nata, ba ta nema ba, shi kuma bai sani ba.

Saboda haka sallama tana da tsari. Da farko a rufe ƙofa. Umarnin usermod -L kalmar sirri kaɗai yake kullewa, mai makullin SSH, wanda ake shiga da shi daga nesa ba tare da kalmar sirri ba, zai iya shigowa abinsa, don haka a haɗa da chage -E 0 wanda ke kawo ƙarshen wa'adin asusun. Daga nan a duba ayyukan mai asusun da ke gudana da ps -u, a tsayar da su da pkill -u, domin userdel yakan ƙi aiki muddin suna nan. Kada ka yi saurin tilasta shi da -f, ƙin nan gargaɗi ne. A duba ayyukan da ya tsara wa lokaci da crontab -l -u kafin a cire su, domin wataƙila akwai wanda ofis ya dogara da shi. Sai a ɗaure ɗakin da tar a adana a wani wuri. Bayan duk wannan ne ake gogewa, sannan a bi sawu da find / -nouser domin gano fayilolin da suka rasa mai su, a ba su wanda ya dace ko a share su.

'Yan'uwa, abin da ke cikin ɗakin nan gumin mai asusu ne da sirrinsa, wataƙila kundin binciken shekara uku ne. Wanda aka danƙa wa ikon root amana aka ba shi. Ina roƙonku, ku sanar da mai asusu tun da wuri, ku adana kafin ku goge, ku karanta sunan da kuka rubuta sau biyu kafin ku danna. Allah ya ba mu ikon riƙe amana.